Amsar Tambaya: Na Sa Ubuntu, Sauti Ya Ɗauke

Tambaya: Malam, na cire Windows na sa Ubuntu, komai na aiki sai sauti. Ko sifikar ce ta lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, da wuya laifin sifika ne. A Linux, ALSA ce ke magana da katin sauti kai tsaye, PipeWire ko PulseAudio kuma su raba muryar ga manhajoji. Ubuntu ta koma PipeWire tun fitowar 22.10 a 2022. Sai ka bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.

Buɗe tamina ka rubuta aplay -l. In sunan katinka ya fito, kwamfutar ta gan shi ke nan. Sai ka rubuta alsamixer, ka danna F6 ka zaɓi katin. Duba ƙasan Master da Speaker: in ka ga MM, an rufe musu baki ne. Danna M ya koma 00, ka ƙara ƙarfi da kibiyar sama. Sannan ka leƙa saitin sauti, domin wani lokaci muryar tana tafiya ta HDMI ne, ba ta sifika ba.

In kuwa aplay -l bai nuna kati ba, saitin kuma yana nuna Dummy Output, to direba ce matsalar. Sabbin kwamfutocin Intel da yawa suna buƙatar firmware-sof-signed. Saka shi, ka sabunta tsarin gaba ɗaya, ka kashe kwamfutar ka kunna.

Don Allah kada ka kwafi umarnin da ba ka fahimta ba. Garin neman gira ake rasa ido. Canza abu ɗaya, ka gwada, sannan na gaba. Allah ya ba da sa'a.