Malam, Rage Nauyin Hoton Kafin Ka Ɗora Darasi

Ina koyar da rubuta manhajar kwamfuta, kuma cikin aikina akwai duba darussan da 'yan'uwana malamai ke ɗora wa ɗalibai a intanet. Galibi bayanin darasi kan yi kyau. Inda ake samun matsala shi ne hotuna. Malam zai ɗauki hoton allo da wayarsa, ya cusa shi cikin darasi yadda ya fito. A kwamfutarsa, da intanet ɗin ofis, komai lafiya lau. Wanda ke ji a jikinsa shi ne ɗalibin da ke karatu a waya, da datar da ya saya da kuɗin abincinsa.

Mu yi lissafi. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai faɗin ɗigo 4000 da tsawon 3000, nauyinsa kan kai megabait 3 zuwa 5. Darasi ɗaya mai irin waɗannan hotuna 20 ya tasam ma megabait 80. Amma idan aka mayar da faɗin 1200, tsawon 900, ɗigon ya sauko daga miliyan 12 zuwa miliyan ɗaya da 'yan kai, kuma rubutun allon yana karantuwa sarai.

Da yawanmu idan muka ga hoto ya cika shafi, sai mu sa masa width="600" a HTML, mu ɗauka an gama. Wannan girman da ido ke gani kawai ya rage. Wayar ɗalibi sai ta sauke fayil ɗin gaba ɗaya, da duk nauyinsa, kafin ta matse shi ta nuna. Datar ta riga ta tafi.

Saboda haka a fara da fayil ɗin kansa. Squoosh na Google kyauta ne, kuma yana nuna hoton asali da wanda aka rage gefe da gefe. Mai hotuna da yawa ya yi amfani da ImageMagick: umarnin mogrify -resize 1200x *.jpg zai gyara duk hotunan JPG da ke cikin folda a lokaci ɗaya. Sai dai yana rubutawa a kan na asali, don haka a ajiye kwafi tukuna. Mai koyar da Python kuwa, layuka kaɗan na Pillow sun ishe shi.

A kuma zaɓi nau'in da ya dace: JPEG don hoton kyamara, PNG don hoton fuskar kwamfuta mai rubutu, SVG don zanen tsarin aiki, domin shi ko an ƙara masa girma ba ya dishewa. WebP, wanda Google ya fitar a 2010, yakan fi JPEG da PNG sauƙin nauyi. Bayan haka a sa max-width: 100% da height: auto a CSS, don kada hoto ya wuce gefen waya ɗalibi ya riƙa jan shafi hagu da dama.

Masu aiki da Jupyter su lura: hoton da aka manna cikin littafin yana komawa rubutun base64, nauyinsa ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Masu Git kuma, babban hoto in ya shiga tarihin ma'ajiya, ko an goge shi yana nan, duk ɗalibin da ya kwafi ma'ajiyar sai ya sauke shi.

Abin da ya fi damuna shi ne hoton lambobin manhaja. Ɗalibi ba zai iya kwafa ya gwada ba, makaho kuma manhajar da ke karanta masa shafi ba za ta gane komai ba. A rubuta su a matsayin rubutu.

Don Allah, kafin ka tura wa ɗalibai darasi, kashe Wi-Fi, ka buɗe shi a wayarka da datarka. In ka ƙosa da jira, koma ka rage hotunan.