Sabuwa ko 'Yar Gwanjo? Darasi ga Ɗalibin Harshe Mai Neman Kwamfutar Tafi-da-gidanka

Gabatarwa

Ni ɗan Bwari ne, kuma da Gbagyi na buɗi baki. Hausa a kasuwa da makarantar firamare na tsince ta, sannan na zo jami'a na ɗauke ta fagen nazari. Saboda haka idan mai karatu ya ci karo da jimla mai ɗingishi, sai ya yi mini uzuri. Wannan maƙala za ta duba tambayar da kusan kowane ɗalibi a sashenmu yake yi idan lokacin rubuta kundin digiri ya gabato, wato da ɗan kuɗin da ke hannu, sabuwar kwamfuta ya kamata a saya ko wadda aka yi amfani da ita? Na saya iri biyun, kuma ta farkon ta koya mini darasi mai tsada.

Garinmu yana da alaƙa da kwamfuta tun kafin yawancinmu mu mallake ta. A Bwari hedikwatar hukumar JAMB take, kuma tun daga 2015 jarrabawarta ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Da yawa daga cikinmu a wajen shirin wannan jarrabawa muka fara ɗora yatsa a kan madannai. Sanin danna amsa daban, sanin abin da za a saya kuma daban.

Sunayen da Kasuwa Take Kiran Su

Da yake mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara da kalmomi, domin a nan ake fara yi wa mai saye wayo. Bahaushe yakan ce abu "sabo dal" ko "sabo fil", wato wanda ba a taɓa amfani da shi ba. Kishiyarsa akwai "na hannu" da "gwanjo" da "tokumbo", kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Tokumbo ararriyar kalma ce daga Yarabanci, tana nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku. Kwamfutar tokumbo ita ce wadda aka yi aiki da ita a Turai ko Amurka, aka shigo da ita ta Legas, ta bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ta iso shagunan Banex a Wuse ko titin Beirut a Kano. Ta hannu kuwa ita ce wadda wani ya yi amfani da ita a nan gida, ta sha ƙurarmu da zafinmu da wutarmu. A Bwari ana samun irin wannan a hannun ɗaliban da suka kammala karatu suna shirin barin gari, musamman na Makarantar Horar da Lauyoyi. Gwanjo ta fi tafiya da tufafi, amma bakin ɗalibai ya faɗaɗa ma'anarta ta haɗe duka biyun, kuma da wannan faffaɗar ma'ana na yi amfani da ita a kan maƙalar.

Abin lura shi ne mai shago ba ya cewa "tsohuwa". Zai ce "mai tsabta", ko "kamar sabuwa". Wanda ya yi kwas ɗin ilimin ma'ana ya san abin da "kamar" take ɓoyewa.

Abin da Ya Same Ni

A shekarata ta biyu mahaifina ya sayar da doya ya ba ni kuɗin kwamfuta. Na rantse ba zan sayi abin da wani ya gaji da shi ba. Na shiga gari na sayo sabuwa a kwalinta, mafi arha a shagon: furosesa Celeron, ram gigabayit 4, ma'ajiya gigabayit 64, jiki duk roba. Wata takwas tana aiki, ko da yake idan na buɗe Word da shafin intanet uku sai ta tsaya tana tunani. A wata na tara hinjin da ke riƙe murfi ya yi tauri, ya ɓalle robar da aka ɗaure shi a ciki, ya tsaga gefen sikirin. Na koma shagon da rasit, aka ce garanti bai shafi karaya ba.

Wani mai gyara a kusa da kasuwar Bwari ya buɗe ta a gabana. Ya nuna mini ram ɗin da ma'ajiyar, ya ce:

"Ƙanena, ka ga waɗannan? Liƙe suke da bod. Ba a ƙarawa, ba a cirewa. Ranar da bod ya mutu, aikinka ya bi shi."

Na ce, "Yaya, ai sabuwa ce."

Ya ce, "Sabuwa ce, amma ba don wahala aka yi ta ba."

Bayan wata biyu maganarsa ta tabbata. Ta ƙi tashi, kuma da ita aka binne hirarraki goma sha ɗaya da na naɗa da 'yan kasuwa a kan yadda Gbagyi suke furta baƙaƙe masu ƙugiya. Ban kwafe su a ko'ina ba. Wannan laifina ne, ba na kwamfuta ba, amma da ma'ajiyar mai ciruwa ce da an ceto su.

Ajin Kwamfuta Ya Fi Shekarunta Muhimmanci

Kuskurena shi ne na ɗauka rabon gida biyu ne kawai, sabuwa da tsohuwa. Kamfanoni kuwa ta wata fuskar suke rabawa. Akwai kwamfutocin da ake ƙera wa ma'aikatu da bankuna, akwai kuma na kasuwar gama-gari. A rukunin farko akwai ThinkPad, wadda IBM ya fara fitarwa a 1992 kafin Lenovo ya saye sashen a 2005, da EliteBook ta HP, da Latitude ta Dell. Waɗannan galibi ana ƙarfafa jikinsu da alminiyam ko maganiziyam, hinjinsu yana da ƙwari, kuma an yi su yadda ma'aikacin gyara zai kwance sukuru kaɗan ya canja batir ko ram ko ma'ajiya. Ma'aikatun ƙasashen waje sukan sauya su bayan 'yan shekaru ko da lafiyarsu ƙalau, kuma su ne mafi kyawun abin da ke zuwa mana a matsayin tokumbo. Da yake an sayar da su da yawa, kayan gyaransu ma ba sa wuyar samu a Abuja.

Sabuwar kwamfuta ta wannan aji ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi, balle tun daga Yunin 2023 da aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Don haka ainihin zaɓin da ke gabanmu shi ne tsakanin sabuwa ta ƙaramin aji da tsohuwa ta babban aji. A ra'ayina, ta biyun ta fi, in dai an san yadda za a duba ta. Wadda nake rubuta wannan maƙala da ita EliteBook 840 G5 ce, ƙirar 2018, kuma ta faɗo daga benci sau biyu ba ta ce uffan ba.

Ban ce sabuwa ba ta da amfani ba. Batirinta sabo ne, ba wanda ya taɓa buɗe cikinta, kuma yawanci tana da garantin shekara guda, alhali mai tokumbo da wuya ya ba ka fiye da 'yan makonni. Wanda iyayensa ke da hali ya sayi sabuwa mai ram gigabayit 8 ko 16 da ma'ajiyar SSD, ya huta.

Yadda Ake Duba 'Yar Gwanjo

Abu na farko shi ne zuriyar furosesa, kuma nan ne aka fi cutar ɗalibai yanzu. Mai shago zai ce "Core i7 ce", sai ka ji kamar ka tsinci dami a kala. Amma i7 ta 2013 ba ta kai i5 ta 2018 ba. A duba lambar da ke bayan sunan: a i5-6300U lambar farko 6 ce, wato zuriya ta shida, a i5-8250U zuriya ta takwas ce. Muhimmancin wannan shi ne kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida tana buƙatar furosesar Intel daga zuriya ta takwas zuwa sama, tare da guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Masu shago sukan ɗora Windows 11 a kan tsofaffin na'urori ta bayan gida, sai ka ga alamar ka ɗauka komai daidai ne. Lambar furosesa za a duba, ba fuskar sikirin ba.

Na biyu shi ne batir, wanda a garinmu da wuta take zuwa ta tafi shi ne rabin kwamfutar. Kada a yarda da "yana yin awa huɗu". A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton da zai fito yana nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na biyun ya sauka zuwa rabin na farko, a sa kuɗin sabon batir cikin ciniki. A kuma kifa kwamfutar a duba ko cikinta ya kumbura, ko wurin shafa yatsa ya ɗago. Batir mai kumburi haɗari ne.

Ma'ajiya kuwa, tsohuwar mai faifan da ke juyawa tana da jinkiri kuma ba ta jure jijjiga. Wanda ke hawa acaɓa daga Bwari zuwa Dutse da jaka a baya ya nemi SSD. Sai a buɗe murfin a rufe sau da yawa a ji ko hinji yana ƙara, a sa farin shafi a sikirin a nemi tabo, a gwada kowace kafar filash, a bar ta tana aiki minti ashirin a saurari fanka. A sake kunna ta a shiga BIOS a tabbatar ba a kulle da kalmar sirri ba, domin irin wannan kulli alama ce ta kayan ma'aikata da ba a sallama ba, ko ma na sata. Rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar dole ne, musamman a ta hannu.

Abin da Ya Shafe Mu Masu Nazarin Harshe

Akwai wani abu da ɗalibin lissafi zai iya kau da kai a kansa amma mu ba za mu iya ba, wato madannai. Tokumbo da ta fito daga Jamus tana da tsarin QWERTZ, inda z da y suka yi musayar wuri. Ta Faransa da Beljiyam kuwa AZERTY ce. Masu shago sukan liƙa takardun haruffa a kai su ɓoye asalin. Ka tuna yawan y da z a Hausa, yaya da zuwa da yanzu, sannan ka ga halin da za ka shiga idan takardun suka fara ɓarewa a tsakiyar babi na huɗu. A danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya kafin a biya kuɗi, har da alamar ɗauri da muke rubuta 'ya'ya da sa'a da ita.

Wani abokina ya ƙi sayen tsohuwa don yana tsoron ba za ta rubuta ɓ da ɗ da ƙ ba. Wannan ba ruwansa da shekarun na'ura. A shekarun 1990 sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro fon na musamman, irin su Rabi'at, kafin a iya buga waɗannan baƙaƙe cikin sauƙi, kuma wanda bai da fon ɗin a kwamfutarsa yakan ga wasu alamomi daban. Yanzu suna cikin tsarin Unicode. Windows tana da madannan Hausa da ake ƙarawa a wajen zaɓin harshe. A cikin Word ma ana iya rubuta 0253 a danna Alt da X tare a sami ɓ; 0257 tana ba da ɗ, 0199 kuma ƙ. Mai son rubuta ajami sai ya ƙara madannan Larabci.

Manhajojin da muke aiki da su ma ba masu nauyi ba ne. Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amstadam suka samar, kyauta ce, kuma da ita nake auna karin sauti da tsawon wasali, in ga bambancin fari da fari a zane maimakon in dogara da kunnena na baƙo. ELAN da Audacity ma kyauta ne. Duk suna gudu lafiya a kan zuriya ta takwas mai ram gigabayit 8. Abin da ya fi cancantar a gwada shi ne makirfo da kafar abin sauraro, don sautin da aka naɗa da ƙara ba ya nazartuwa.

Hirarrakin da na rasa na sake naɗar tara daga cikinsu a hutun da ya biyo baya. Biyun da suka rage ba su samu ba: ɗaya tsohuwar ta rasu, ɗaya kuma ya koma wajen 'ya'yansa a Suleja. Yanzu duk ranar Juma'a da yamma nakan kwafe aikina a filash, in kuma aika wa kaina ta imel, sannan in sa burushi in share ƙurar da ta taru a bakin fanka.