Gardawan Kura a Idon Mai Ɗaukar Hoto

Mu mutanen ƙasar Maska da Malumfashi, wasan kura ba baƙon abu ba ne a gare mu. Mun saba ganin gardi ranar kasuwa yana jan kura da sarƙa, an sa mata takunkumi, yara na biye ana ihu. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa hotunan irin waɗannan mutane sun shiga ɗakunan nuna zane-zane na Turai da Amurka.

Wanda ya ɗauke su shi ne Pieter Hugo, mutumin Afirka ta Kudu, haifaffen 1976. Ya zo Nijeriya a 2005, wani ɗan jarida, Adetokunbo Abiola, ya haɗa shi da wata tawagar gardawa a bayan garin Abuja. Ya sake dawowa a 2007, shekarar da littafin hotunan ya fito. Bayanin da Abiola ya rubuta ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu ɗan Malumfashi ne, ya gaji sana'ar wajen mahaifinsa tun yana ɗan shekara 15.

To, me ya raba wannan aiki da hoton fasfo ko na Kirsimeti? Hugo bai damu da lokacin wasa ba, sa'ad da ake kiɗa da tsalle. Yakan tsai da mutum da dabbarsa a fili, su biyu kawai. Launi ya dusashe kamar sararin hunturu, ba mai murmushi. Saboda haka ido ba ya samun wurin gudu, dole ya tsaya kan sarƙar, mai kallo ya fara tambaya: wa ke riƙe da wa? Gardi na ciyar da kura, kura kuma na ciyar da gidan gardi. A wani hoton har da yarinya ƙarama tare da kurar, ba alamar tsoro a fuskarta.

An yi suka, kuma ba mu ga laifin masu yin ta ba. Wasu sun ce ana azabtar da dabba. Wasu sun ce Bature ya sake nuna Afirka kamar dajin ban tsoro. Mu abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yarinyar: shin an tambaye ta kafin duniya ta ga fuskarta?

Ɗalibai, ga aikin hutu. Ku nemi izinin ƙanenku da na iyayensa, ku ɗauke shi hoto da akuyar da yake kiwo. Kada ku ce ya gyara tsayuwa. Ku jira har su biyun su manta da ku.