Daga Ina Kalmar Ladabi Ta Zo?

Babu ranar da za ta wuce a ƙauyukanmu na ƙasar Bichi, Ɗambatta ko Tsanyawa ba mu ji an ce, "Yaron nan ba shi da ladabi" ba. Muna faɗin kalmar tun muna ƙanana, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar asalinta.

Ladabi baƙuwar kalma ce da ta zauna har ta zama 'yar gida. Daga Larabci aka aro ta, inda ake cewa "al-adab". Bakin Bahaushe ya haɗiye farkon kalmar, ya bar harafin "l" manne da ita. Haka ya yi wa "al-khabar" ya zama labari, "al-kitab" ya zama littafi, "al-afiya" ya zama lafiya. Irin waɗannan kalmomi sun biyo malamai da fatake ne. Tarihin Kano ya nuna zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Daga baya an sake aro kalmar ba tare da "l" ba, ta zama adabi, wato waƙoƙi da labarai da rubuce-rubucen hikima. Ashe ladabi da adabi uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, waɗansu masanan Larabci na dā sun danganta "adab" da "ma'duba", wato liyafar da ake gayyatar mutane. Idan haka ne, mai ladabi shi ne wanda ya san yadda ake karɓar baƙo da yadda ake zama a gaban akushi. Wannan ya tuna mana da Bisharar Luka, sura 14, inda Ubangijinmu ya ga waɗanda aka gayyata suna rige-rigen wuraren manya, ya hore su da zaɓen wurin da ya fi ƙasƙanci.

Kada mu ɗauka kakanninmu sun jira baƙi kafin su san hali nagari. Suna da kunya da kirki tun fil azal. Tsugunawa wajen gaida babba, tuɓe takalmi a ƙofar zaure, karɓar abu da hannu biyu, kauce wa suruki a hanya, duk namu ne. A 1974 Baturen nan Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazari a kan mutumin kirki, ya lissafa ladabi a matsayin ɗaya kawai daga cikin siffofinsa, tare da gaskiya, amana, haƙuri, adalci da sauransu. Mun ga ya yi daidai da bai bar ladabi shi kaɗai ba.

Dalili kuwa shi ne, a nan inda gonaki suka matsu, ba a ko barin saura, iyaka kuma 'yar gamba ce ko bishiya guda, mun sha ganin an mai da ladabi makami. Maigida ya rasu, a zo rabon gandu, babban wa ya ɗebe wajen da ya sha taki. Ƙaramin ƙane ya buɗe baki, sai a ce masa marar ladabi. Matar marigayi kuwa, da marayunta, an san kunya ba za ta bar ta ta yi magana a gaban surukai ba, sai a yanke hukunci tana bayan danga. Haka nan kalmar ladabtarwa, wadda asalinta koyar da ladabi ne, ta koma bulala kawai a gidaje da yawa.

Ba muna zuga samari su daina durƙusa wa manya ba ne. Wanda ya dawo daga cirani a Legas yana miƙa wa kawunsa hannu a tsaye ya yi kuskure, a gaya masa. Amma ƙanen nan yana iya tuɓe takalminsa, ya tsuguna, ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, rabon nan bai yi daidai ba." Dattawan da ke zaune a wurin, su ne za su kira matar daga bayan danga su ji ta bakinta kafin a kafa iyaka.