Kusurwar Kimiyya: Daga Ƙaron Tawada Zuwa Maganin Gyambo

Darasinmu na wannan makon ya fara ne daga zauren makarantar allo. Duk wanda ya taɓa haɗa tawada a cikin birnin Zazzau ya san sai an sa ƙaro kafin rubutu ya kama allo. Haka mai wankin hula, sai ya sa sitaci hular take tsayawa. To, ƙaro da sitaci dangi ne, kuma masana na kiran danginsu polima.

Mece ce polima? Mu ɗauki carbi. Ƙwaya ɗaya ba ta ɗaure komai, amma idan aka jera su a zare sai su zama igiya. Haka ƙananan ƙwayoyin sinadari ke sarƙewa su yi dogon zare. Akwai polimar da ake yi da man fetur, kamar leda. Akwai kuma wadda Allah ya halitta: sitacin rogo, yauƙin kuɓewa, ƙaron itacen dakwara da ake samu a Borno da Yobe da Jigawa, da jelatin, wato abin da ke sa romon ƙafar sa ya daskare idan ya huce.

Idan zarurrukan suka harɗe kamar ragar kamun kifi, suka sha ruwa suka kumbura ba tare da sun narke ba, an sami haidrojel. Wani haidrojel ɗin fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Idan kuwa aka shimfiɗa kwaɓin ya bushe, sai ya zama siririn shafi, irin fatar da koko ke yi in ya huce.

Me ya haɗa wannan da asibiti? A 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, wani masani a Ingila mai suna George Winter ya nuna cewa rauni ya fi saurin warkewa idan aka rufe shi da 'yar danshi, a kan a bar shi ya bushe ya yi ɓawo. Auduga da bandeji kan manne wa ciwo, wajen cirewa su ɗaye sabuwar fata. Haidrojel kuwa yana riƙe danshi, yana sanyaya ƙuna, iska na ratsa shi, kuma ana ɗaga shi cikin sauƙi.

Sai dai kowace polima tana da aibinta. Shafin sitaci zalla karyewa yake yi, kuma ruwa na ɓata shi. Jelatin yana narkewa da ɗumin jikin mutum. Shi ya sa ake gauraya su, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gilisarin na kawo laushi. Kitosan, wanda ake samu daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande, yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Aljinet na ciyawar teku yana tsotse ruwan ciwo.

Mu gwada a ɗakin gwaje-gwaje tare da malaminmu. A haɗa babban cokali 1 na sitacin rogo, da 4 na ruwa, da ƙaramin cokali 1 na ruwan khal, da 1 na gilisarin. A ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kauri, a shimfiɗa a faranti ya kwana 3. A sake yin wani ba gilisarin. A lanƙwasa kowanne a ga wanda zai fara karyewa.

Gargaɗi: kada kowa ya sa wannan a kan ciwo, domin ba a kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ba. A lokacin hunturu, ƙannenmu na raɓar murhu da ruwan zafi. Idan wani ya ƙone, a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, sannan a nufi asibiti. Ban da man goge baki, da ɗanyen ƙwai, da baƙin mai.

Tambayar mako: me ya sa busasshen ƙaro ke farfashewa, amma jiƙaƙƙe yana danƙo? A jefa amsa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis, da suna da aji.