Amsar Tambaya: Sa Wa Barewar Gida Barci Domin Magani

Wani mai karatu ya rubuto yana tambaya, wace allura zai yi wa ƙaramar barewarsa ta kwanta har a ɗinke mata rauni a ƙafa.

Malam, wannan aiki na likitan dabbobi ne, domin barewa halitta ce mai tsananin firgita, kuma sau da yawa gudu da kokawar kamu su ne ke lalata mata tsoka da ƙoda, har ta mace bayan kwana biyu ko uku alhali ana zaton ta warke. Galibi likitoci kan haɗa ketamin da zailazin, ko kuwa da medetomidin, gwargwadon nauyinta. Ni dai na fi karkata ga na biyun, saboda yana da makari mai ƙarfi, atifamezol, wanda ke tashe ta, illa dai ba ya karya ketamin, don haka sai an jinkirta kamar minti 30 bayan allurar kafin a ba ta makarin. In aikin zai daɗe, iskar aisofuluren ta fi aminci.

Wajibinka shi ne ka hana ta abinci tun daren da ya gabaci aikin, a yi aikin da sanyin safiya, a rufe mata ido da ƙyalle, a hana hayaniya. Idan ta kwanta, a zaunar da ita bisa ƙirjinta, wuya a ɗage, baki ya dubi ƙasa yadda miyau zai zuba, kada tumbi ya kumbura ko amai ya shiga huhu. A riƙa duba numfashi da zafin jiki har ta miƙe da kanta.