Yadda Ake Addu'ar Shiru a Tafarkin Baba Simon

Addu'ar shiru ibada ce ta Kirista wadda mai yin ta ke taƙaita magana, ya zauna gaban Allah yana saurare. A Duwala ta ƙasar Kamaru, cikin waɗanda suka yi fice da ita akwai Fada Simon Mpeke, wato Baba Simon, limamin Katolika da aka tura cocin unguwar New Bell a 1947, kafin ya koma Tokombere a arewacin Kamaru a 1959. Ya bi sawun Charles de Foucauld, Bafaranshen da ya zauna cikin Buzaye a Tamanrasset har aka kashe shi a 1916. Mabiya wannan tafarki kan ware awa guda kullum don shiru.

Da farko ana tsayar da lokaci da wuri. A unguwa mai cunkoso kamar New Bell, inda ƙarar babura da hayaniyar kasuwa ba sa lafawa sai dare ya tsala, asuba ta fi dacewa, daidai sa'ar da maƙwabta Hausawa ke fita masallaci. Ɗan Katolika ya fi son coci, gaban Jibin Ubangiji, amma lungun ɗaki ma ya wadatar. Sabon shiga kan fara da minti 15 ko 20, don wanda ya ɗauki awa guda tun ranar farko sau da yawa ba ya kai mako.

Sai a zauna ko a durƙusa, baya a miƙe, a bar numfashi ya daidaita, a roƙi taimakon Ruhu Mai Tsarki. Daga nan a buɗe Bishara a karanta 'yan ayoyi kaɗan a hankali, sau biyu ko uku. Idan wata kalma ta taɓa zuciya, a tsaya a kanta ana bimbini, sannan a amsa wa Allah da gajeriyar godiya ko roƙon gafara.

Bayan haka ne ainihin aikin yake: a rufe littafi, a yi shiru. Nan wahalar take. Tunanin bashi, kuɗin haya, da cacar bakin jiya duk sai su taso. Ba a kokawa da su, don kokawar kanta wata hayaniya ce. Ana komawa ne a hankali ga sunan Yesu ko ga kalmar da aka riƙe, ko da sau ɗari ne. Wata rana zuciya kan bushe ƙamas, ba daɗi ba hawaye. Malaman wannan fanni ba sa ɗaukar hakan gazawa, kuma ba sa yarda a tashi kafin lokaci ya cika saboda shi. Gyangyaɗi ma ba zunubi ba ne, ko da yake yana nuna cewa ana bukatar kwanciya da wuri.

Ana rufewa da Addu'ar Ubangiji, a tashi ba tare da garaje ba.

Sau ɗaya a wata ana keɓe yini guda, wanda ake kira ranar hamada, a fita daga gari da Littafi Mai Tsarki da ɗan guzuri. Haka kuma mabiya tafarkin kan taru a ƙaramin rukuni, kowa ya faɗi yadda watan ya kasance masa, sauran su saurara su ba shi shawara.